Ƙwallon Shuri: Wasan da Ba Ya Barin Yaro a Gindin Bishiya

Duk malamin motsa jiki ya san yadda abin yake. A buga ƙararrawa, a fito fili, a jefa wa yara ƙwallo ɗaya. Kafin ka ce kwabo manyan aji, su goma ko sha biyu, sun ɗauke ta sun raba kansu. 'Yan mata su koma gindin dalbejiya su dasa hira, ƙananan maza su tsaya a bakin fili suna jiran canjin da ba zai zo ba har a koma aji. A takarda kuwa an rubuta cewa kowa ya yi darasi. Ni ma na yi shekaru a haka, ina ganin na sauke nauyi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar kamar minti 60 a kullum na motsa jiki mai sa haki. Ajin da mutum 12 ke gudu, 50 na kallo, bai kama hanyar wannan ba.

Abin da ya sauya mini darasi shi ne wasan da Amurkawa ke kira kikbol, wanda ɗalibaina suka raɗa wa ƙwallon shuri. Tun wajen 1917 ake koya wa yara shi a filayen wasa na birnin Sinsinati, don su fahimci tsarin wasan besbol ba tare da sanda ba. Daga baya ya shiga makarantun Japan da Koriya ta Kudu, a Benezuwela kuma ya zama wasan mata sosai.

Tsarinsa ba wuya. Ana zana wurare huɗu a fili, kusurwa-kusurwa. Ni wuraren sha nake ce musu, don yaranmu sun san "sha" tun daga wasan dandali, ba sai an yi dogon bayani ba. A raba aji gida biyu: masu shuri da masu tsaro. Mai tsaro ɗaya ya mirgino ƙwallo a ƙasa, mai shuri ya buga ta ya zura da gudu zuwa wurin sha na farko. In an cafe ƙwallon a sama ya fita, haka in ta riga shi isa wurin. Wanda ya zagaye duka huɗun ya dawo gida, ya ci wa ƙungiyarsa ɗaya.

Daɗin abin shi ne layi ake bi. Yarinyar da ba ta taɓa taɓa ƙwallo ba, dole layi ya zo kanta. Ina tuna wata 'yar aji huɗu, shiru-shiru, da ta tsaya tana murɗa bakin hijabinta, ta ce, "Malam, ni ban iya ba." Na ce ta dai taɓa. Ta runtse ido ta kai shuri, silifa ta tashi sama, ƙwallo ta gangara gefe inda babu kowa. Da ƙafa ɗaya ba takalmi ta kai wurin sha, aji ya kaure da ihu. Mako na gaba ita ce ta fara tambayata ko za a yi.

Amma kada a kwafo dokokin yadda suke a Amurka. A asalinsu, da an fitar da mutum uku ake musayar wuri, wanda a aji mai cunkoso yana nufin rabin yara ba za su shura ba. Ni sai kowa ya buga nake juyawa. Ina kuma barin mutum uku ko huɗu su taru a wurin sha ɗaya, su ruga tare. In ajin ya yi yawa, fili biyu nake zanawa, in ba wani babba alƙalancin ɗaya.

Dokar da na soke gaba ɗaya ita ce jifan mai gudu da ƙwallo don a fitar da shi. Na bar ta a farko, sai wani ƙaƙƙarfan yaro ya sami ɗan'uwansa a fuska, haɓo ya ɓalle, ranar da kaina na raka wanda aka jefa gida na ba mahaifiyarsa haƙuri. Laifina ne, ba na yaron ba. Yanzu taɓawa kawai ake yi, ƙwallo na hannu.

Sauran ƙananan abubuwa ne. A rage wa ƙwallo iska, ko a sami ta roba mai laushi. A zana wuraren sha da toka ko a shimfiɗa tsohon buhu, kada a sa dutse. A tsince ƙaya da fasassun kwalabe kafin a fara, tunda da yawa ba takalmi za su buga. Lokacin bazara a yi da safe, ruwan sha na kusa.

Shugabannin makarantu, ku daina ba wa wasu darussa aron lokacin motsa jiki duk sa'ad da jarrabawa ta matso. 'Yan'uwana malamai kuma, ku gwada wannan wasa sau biyu kacal, sannan ku ƙirga yaran da suka rage a gindin bishiya.