Madannan Wayar Hannu Da Baƙaƙen Hausa

A zangon karatun da ya wuce aka aike ni Jos in duba ɗalibanmu da ke koyarwar gwaji a makarantun firamare na wajen Farin Gada. Bakano dai zai ce Farar Gada ya kamata a ce, amma mutanen Jos ba su kula da wannan gardama ba, mu ma sai mu bar ta. Na sauka gidan kawuna, wanda dillalin kayan gwari ne a kasuwar nan da a ke loda tumatir da kabeji da karas a kai garuruwa masu nisa. A rumfarsa na ga abin da ya sa na rubuta wannan darasi.

Ran nan da asuba, ana sanyin nan na Jos mai sa yatsu su sandare, kawu ya ba yaronsa kuɗin tumatir kwando 40, ya ce ya bi mota ya kai wa wata mata mai lambu a ƙauye. Da hantsi ya yi bai ji labari ba, ya buga waya ba ta shiga, sai ya aika wa direban saƙo yana tambaya. Jim kaɗan amsa ta zo, kalma uku tak: "kudin ya bata". Kawu ya yi salati, ya bar ciniki, ya hau babur ya bi sawu, yana tafe yana zargin yaron da ya shekara shida a hannunsa bai taɓa cin ko kwabo ba. Ashe abin da direba ke nufi shi ne kuɗin, yaro ya ba ta. Kawu ya karanta kuɗin ya ɓata. Ya yi asarar cinikin safiya, ya kuma dawo da kunyar yaro. Da na ce masa ai da kuɗin ya ɓata da ya ga b mai lanƙwasa, sai ya miƙo mini wayar, irin ƙaramar nan mai tocila, ya ce, "To, Malam, nuna mini inda ta ke a nan." Na duba, babu.

Da na shiga azuzuwa sai na tarar da ciwon ya riga ni isa. Yara suna rubuta daki a maimakon ɗaki, baki a maimakon baƙi, yaya a maimakon 'ya'ya. Abin da ya fi ɓata mini rai, ɗalibanmu ma da za su zama malamai haka su ke rubutawa a allo. Na tambayi ɗaya, ya ce, "Malam, ai haka mu ke yi a waya." Don haka na ga ya kamata mu san yadda aka shirya madannan nan, mu san abin da ya tilasta wa masu shirya su, kāna mu san inda za mu iya gyarawa.

Asalin wahalar ita ce yatsa ba ya ƙanƙancewa. A tafireta ko kwamfuta, daga tsakiyar madanni zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 19 ne, watau kashi uku cikin huɗu na inci, daidai kan yatsan babban mutum. Faɗin wayar hannu kuwa wajen santimita 7 ne. In ka jera baƙaƙe goma a layi ɗaya, ko wanne wajen milimita 7 zai samu, babban yatsa kuwa ya ninka haka. A 1954 wani masani a Amurka, Paul Fitts, ya auna abin da ko wane maharbi ya sani, watau in abin da ka ke nufi ya yi nisa ko ya yi ƙanƙanta, sai ka daɗe kafin ka same shi, in ka yi gaggawa kuma ka kuskure. Saboda haka mai shirya madannai hanya biyu gare shi. Ko ya yi gidaje kaɗan manya ya cusa baƙaƙe da yawa a ko wanne, ko ya yi gidaje da yawa ƙanana ya nemi dabarar rage kuskure.

Hanya ta fari ita ce ta wayar kawu. Jerin lambobin nan, 1, 2, 3 a sama da sifiri a ƙasa, kamfanin tarho na Bell a Amurka ya fito da shi a 1963, bayan sun gwada jeri iri iri a hannun mutane, har da mai da'ira da mai layi biyu. Lambar tarho aka yi shi domin ta, ba wasiƙa ba. Da saƙon tes ya zo (an aika na farko a Ingila ran 3 ga Disamba 1992), sai ya zama da gidaje takwas za a rubuta baƙaƙe 26. ABC suna kan 2, DEF kan 3, haka har WXYZ kan 9. In kana son baƙi na uku a gida sai ka danna sau uku.

To, bari mu yi lissafi da kalmominmu. Sannu baƙi biyar ce, amma dannawa 11 ta ke ci, don s kaɗai huɗu ce. Tumatir ta ci 12, albasa ma 12. Ku gwada babba ku sha mamaki. Duk baƙaƙenta a gidan 2 su ke, dannawa 8 ce, kuma sau huɗu za ka tsaya ka jira waya ta gane ka gama wannan baƙi ka shiga wancan. Ku dubi gidan 7 kuma. P da q, waɗanda Hausa ba ta da aikin da za ta ba su, su ne a gaba, r da s da mu ke buƙata ko wane layi suna bayansu suna jira. Abu ɗaya muka yi sa'a da shi, a ce farkon gidanta, ga shi kuwa babu wasalin da ya kai ta yawa a Hausa. Wanda ya yi shakka ya ɗauki shafi ɗaya na ko wane littafi ya ƙirga.

Don a rage wannan wahala wani kamfani a Seattle mai suna Tegic ya fito da dabarar da a ke kira T9 a cikin shekarun 1990. Ka danna ko wane gida sau ɗaya, waya ta duba ƙamus da ke cikinta ta zaɓi kalmar da ta dace. Dabara ce mai kyau, amma fa ga wanda aka sa ƙamus na harshensa. Da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a watan Agusta 2001, wayoyin da suka cika hannu, irin su Nokia 3310, da ƙamus na Ingilishi suka zo mana, sai kowa ya kashe shi ya koma dannawa ɗai ɗai. Ko da an sa na Hausa ma da sauran rina a kaba, don kalmominmu gajeru ne, sun kuma yi kama da juna a gini. Wa da ya da za duk 92 ne. Na da ma 62 ne, da da fa 32. Rana da sama da rama duk 7262. Dole sai waya ta dubi kalmar da ta gabata kafin ta san wadda a ke nufi.

Akwai wani dalili kuma da ya kori baƙaƙenmu daga saƙon tes, shi ne kuɗi. Saƙo guda yana ɗaukar ƙwayar lissafi 1,120, abin da masu kwamfuta ke kira bit. Baƙaƙen da aka zaɓa tun farko a Turai ko wanne ƙwaya 7 ya ke ci. Ku raba, za ku sami 160. Su ɓ da ɗ da ƙ ba su cikin wannan jeri. In ka sa ko da ɗaya, sai waya ta juya saƙon duka zuwa wani tsari mai cin ƙwaya 16 ga ko wane baƙi, 1,120 a raba da 16 kuwa 70 ke nan. Watau saƙo mai baƙi 100 da za ka biya kuɗin guda, ƙ ɗaya ta isa ta mai da shi biyu. Kun ga mai rubuta daidai tara a ke cinsa.

Hanya ta biyu ita ce a ƙanƙanta tafireta. Jerin nan da ya fara da QWERTY na Christopher Sholes ne, mutumin Milwaukee, kamfanin Remington kuma ya fara sayar da kekensa a 1874. Don Ingilishi aka tsara shi, da sandunan ƙarfe masu sarƙewa da juna. Ba ɗaya daga cikin biyun da ya shafi Bahaushe mai rubutu da manyan yatsu biyu, amma sabo ya riƙe shi har yau. Kamfanin BlackBerry na Kanada ya yi suna da ƙananan madannai masu ɗan tudu, yadda yatsa zai ji iyakar ko wanne, a 2004 kuma ya gwada tsaka-tsaki, baƙi biyu a gida ɗaya. Sa'an nan iPhone ta zo a 2007, aka kawar da madannan roba aka zana su a kan gilashi. Dabarar da ke ɓoye a nan ita ce waya tana hasashen baƙin da zai biyo baya, sai ta faɗaɗa wurin da ya ke amsa taɓawa ba tare da ido ya gani ba. In an saita ta kan Ingilishi kana rubuta Hausa, hasashen nan gaba da kai zai riƙa yi. Shi ya sa ka rubuta kalma daidai ta "gyara" maka ita ta koma wata aba dabam.

Amma gilashi ya kawo alheri guda babba. Madannin da aka zana ana iya sake zana shi. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa sun shiga littattafai tun shekarun 1930, zamanin Rupert East a Zariya, suna kuma cikin babban kundin baƙaƙen duniya na kwamfuta, Unicode, tun farkon shekarun 1990. Yanzu ba rashin su ne matsala ba, wurin zama ne ba a ba su ba. A wayata na shiga saiti na ƙara Hausa a madannan Gboard na Google. In na danne k na ɗan jira sai ƙ ta fito, haka b da d, har da ƴ wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu ke sa 'y.

Wannan ya fi babu, amma ni bai gamsar da ni ba. Abin da ke ɓoye, wanda bai sani ba ba zai nema ba, wanda ya sani kuma in yana sauri ba zai jira ba. Ga kuma alamar nan ta hamza da mu ke sawa a sa'a da jama'a, wadda a madannai da yawa sai an juya shafi a ke samunta. Ku lura, q da v da x suna zaune a fili ba aiki, p ma sai a baƙin sunaye, baƙaƙenmu huɗu kuwa suna laɓe. Da ni za a tambaya, in an juya waya zuwa Hausa, sai ƙ da ɗ da ɓ su hau kujerun q da x da v, su kuma waɗancan su koma ƙarƙashin dogon danni. Ban ce a kore su ba, don muna rubuta Ingilishi, da adireshin intanet, da kalmar sirri. In kuwa ana tsoron a rikita wa mutane sabo, ai layin tsakiya baƙi tara ne, na sama goma, akwai gurbi guda. A nan mutanen Sifen suka zaunar da ñ tasu. Jamusawa ma sun matsa layi suka sa baƙaƙensu uku masu ɗigo biyu, ko da ya ke madannan sun ƙara ƙanƙancewa. Mu da za mu sami gurbi ɗaya tak, ƙ ko ɗ zan ba, ɓ ta yi haƙuri, don ba ta kai su yawan fitowa ba.

Kada kuma mu manta da irin hannun da zai taɓa. A Farin Gada hannu jiƙe ya ke da ruwan wanke karas, ko da ƙasar dankali, gilashi kuwa ba ya jin jiƙaƙƙen yatsa sosai. Ga rana tana haske fuskar waya, ga hannu ɗaya yana riƙe da kwando. Shi ya sa kawu ya ƙi rabuwa da 'yar ƙaramarsa, wadda ya kan danna ba tare da ya duba ba, ɗan tudun da ke kan lamba 5 yana gaya masa inda ya ke. Masu babbar waya kuma da yawa sun bar rubutu sun koma aika murya ta WhatsApp. Wannan ya raba su da rikicin bata da ɓata, amma bai taimaki yaron da zai zauna jarrabawar Hausa ba.

Ga abin da na sa ɗalibanmu suka yi kafin in baro Jos, ina kuma so 'yan aji biyu su yi shi kafin su fita tasu koyarwar. Kowa ya sa Hausa a madannan wayarsa, ya nuna wa na kusa da shi. Sa'an nan a zana gidajen nan goma sha biyu a allo, a ba yara kalma su ƙirga dannawa, wanda darasin lissafi ne da na rubutu a haɗe. Daga nan a rubuta jimla uku ba lanƙwasa, a ce su faɗi ma'ana biyu ga ko wace: baki ya cika, ya tafi wajen fada, kudin ya bata. A wani aji huɗu da muka gwada, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce ta ukun ko babu lanƙwasa ba za ta ruɗe ba, in dai an raba ba da ta. Gaskiyarta kuwa, direban nan laifi biyu ya yi wa saƙonsa, ya haɗe kalmomi, bai kuma sa waƙafi bayan kuɗin ba. Na ƙara wannan a takardar da zan raba ranar Litinin a ɗakin karatu.