Dutsen Da Ya Fi Kowane Tsawo A Duniya

Nefal ƙasa ce a nahiyar Asiya, tsakanin Indiya da Sin. Allah ya hore mata manyan duwatsu. Duwatsu 14 ne a duniya tsawonsu ya haura mita 8,000, kuma 8 daga cikinsu suna Nefal ko kan iyakarta.

Babbansu shi ne Ebares. Tsawonsa mita 8,849, wato kusan kilomita tara a tsaye! Kansa lulluɓe yake da ƙanƙara rani da damina. Iskar can sama ba ta isar mutum numfashi, shi ya sa yawancin masu hawa suke goya tulun iskar shaƙa. A 1953 Tenzing Norgay da Edmund Hillary suka fara taka ƙololuwarsa.

Baƙi sukan biya kuɗi masu yawa don su hau. Amma 'yan ƙasa, musamman ƙabilar Sharfa, su ke ɗaura igiyoyi, su ɗauki kaya, su nuna hanya. Da haka suke ciyar da iyali, aikin kuwa na sai da rai ne. A 2014 ƙanƙara ta rufto, ta kashe 16 daga cikinsu rana ɗaya. Sauran suka ajiye aiki, kusan duk baƙin suka koma gida ba su hau ba.