Filin Shawara: An Sallami Maigidana Daga Soja Saboda Ciwo, Ko Takardar Tana Gyaruwa?



Ni 'yar Zangon Kumasi ce, aure ya kawo ni Amurka. Maigidana ya yi shekara takwas a rundunar sojan ƙasa ta nan, har an taɓa tura shi Afganistan sau ɗaya. Bayan dawowarsa ne ya ji ciwo a gadon baya wurin atisaye. Aka yi ta magani da allurai, abu ya ƙi. Daga ƙarshe kwamitin tantance lafiya ya ce ba zai iya ci gaba da aiki ba, suka ba shi kashi 20 cikin 100 na nakasa, suka haɗa shi da kuɗin sallama a dunƙule. A lokacin har murna muka yi. Muka biya bashi, muka aika gida aka gyara wa Hajiyarsa ɗaki.

Yau shekara huɗu ke nan. A kan kujera yake sallah. Barci kuwa sai dai ya sata, kafin asuba sai ya tashi sau uku ya duba ƙofa. Daren 4 ga Yuli da ake wasan wuta, banɗaki yake shigewa ya kunna famfo. Ma'aikatar tsofaffin sojoji, VA, ta ba shi kashi 70 saboda sun haɗa da ciwon firgici, amma suna cire kuɗin sallamar nan daga abin da suke biyansa. Abokin aikinsa da aka ba kashi 30 ya samu ritaya, shi da matarsa da 'ya'yansu suna da inshorar lafiya. Ni kuwa aikin kula da tsofaffi nake yi da dare don mu riƙe gida. In na ɗauko maganar sai ya ce ƙaddara ce, ai ya riga ya sa hannu. Wani a masallacinmu ya ce akwai mutumin da in aka ba shi dala 3,000 zai juya takardar. Anti, in bayar? Kuma takardar tana juyuwa kuwa?

Maman Ummi, Bronx

Maman Ummi. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya saka miki.

Ki riƙe kuɗinki tukuna. Duk wanda ya yi miki alkawarin zai juya takardar soja kafin ya ga fayil, aljihunki yake kallo. Takardar tana iya gyaruwa, sa hannun da maigida ya yi bai rufe ƙofa ba, amma gyaran yana da hanyarsa, kuma ba a biyan ko sisi wajen shigar da buƙatar.

Ga abin da ya faru da ku. A dokar Amurka, sojan da bai cika shekara 20 yana aiki ba, in ciwo ya hana shi ci gaba, kashi 30 ne iyakar da ke raba hanya. Wanda ya kai 30 ko ya wuce, ritayar rashin lafiya ake yi masa, da fansho da inshorar TRICARE har iyalinsa. Wanda ya tsaya ƙasa da haka, sai a ba shi kuɗin sallama, wato ainihin albashin wata biyu a kan kowace shekarar aiki. Shekara takwas ta ba ku albashin wata 16. Cirewar da VA ke yi ma a doka take. Ba a cirewa ne idan ciwon a fagen yaƙi aka same shi, na maigida kuwa a atisaye ne bayan ya dawo.

Na san abin da ke ci miki tuwo a ƙwarya: ya za a yi mutum ɗaya ya zama 20 a nan, 70 a can? Ma'aunin ne daban. VA tana ƙirga duk wani ciwo da aikin soja ya jawo ko ya tsananta, kuma tana iya ƙarawa in ya ƙaru daga baya. Rundunar soja kuwa ciwon da ya hana mutum yin aikinsa a ranar da aka sallame shi kaɗai take ba maki. Saboda haka takardar kashi 70 ita kaɗai ba za ta ci muku shari'a ba. Abin da za ku nuna shi ne tun yana cikin kaki akwai wani ciwon da ya gurgunta masa aiki wanda ba a ƙirga ba, ko kuma an yi wa bayan ƙaramin maki.

Kada ki ga tazarar da yawa. Lissafin nakasa ba tarawa ake yi kai tsaye ba, amma 20 da 10 in aka haɗa su a tsarinsu suna ba da 28, a kuma cike shi zuwa 30. Ki tambaye shi ko a lokacin ciwon bayan yana sauka masa a ƙafa, da tsami ko mutuwar yatsu. Ciwon jijiya irin wannan ana iya ba shi makinsa daban. Sannan ga firgicin. Ƙa'idar ƙididdigar ta ce idan irin wannan ciwo ya yi tsananin da shi ne ya fitar da soja daga aiki, ba a fara masa da ƙasa da kashi 50.

Ƙofa biyu ce, kuma mutane da yawa suna ɓata shekara guda a bakin wadda ba tasu ba. Akwai hukumar sake duba sallama, mai fom DD 293. Ita aikinta gyara darajar sallama, ba ta da ikon mayar da sallama ritayar rashin lafiya. Taku ita ce hukumar gyara bayanan soja ta rundunar ƙasa, fom ɗinta DD 149. Wa'adinta shekara 3 ne daga ranar da mutum ya gano kuskuren, amma tana da ikon ɗaga wa'adin in adalci ya buƙaci haka, sai ku rubuta dalilin jinkirinku a fili. Akwai kuma agogo na biyu da nake so ki sa wa ido. Kotun tarayya mai sauraron ƙarar kuɗi a kan gwamnati shekara 6 take bayarwa, kuma ga wanda ya bi ta kwamitin tantancewa, zaman jiran hukuma ba ya tsayar da wannan agogon. Kun ci huɗu. Hukumar kuma tana iya ɗaukar fiye da shekara kafin ta amsa. Don haka lauya ya ga takardunku a cikin watan nan.

Abin da za ku tara kafin ku je: takardar sallamarsa DD 214, hukuncin kwamitin da ya sa wa hannu, cikakken fayil ɗin asibitinsa na soja, takardun da likita ya rubuta na hana shi gudu ko ɗaukar kaya ko riƙe bindiga, rahoton da shugabanninsa suka rubuta kan aikinsa a shekarun ƙarshe, da hukuncin VA na farko tare da sakamakon gwajin da aka yi masa dab da fitarsa. Gwajin da ya fi kusa da ranar sallama shi ya fi nauyi. Abin da babu a hannunku ana nemansa da fom SF 180. Ku ƙara da wasiƙar likitan da ya karanta tsohon fayil ɗin, ya bayyana halin da yake ciki a wancan lokacin, da shaidar abokan aiki ɗaya ko biyu da suka ga canjinsa bayan Afganistan.

Ke ma shaida ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki zauna ki rubuta abin da idonki ya gani da kwanan wata gwargwadon tunawarki: yaushe ya fara tashin dare, yaushe ya daina tuƙi a kan babbar hanya, sau nawa aka dawo da shi gida daga aiki. Ki bar "yana shan wahala sosai", ki rubuta ƙofar da famfon kamar yadda kika rubuto mini.

Taimako na kyauta yana nan. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW da American Legion suna da jami'an da wannan ne aikinsu. Ƙungiyar lauyoyi ta NVLSP tana karɓar irin wannan shari'a ba tare da kuɗi ba ga wanda ya cancanta, haka wasu tsangayoyin koyon lauya a jami'o'i.

Kada in bar ki da dogon buri. Ko an yi nasara, ba za a haɗa muku fansho da kuɗin VA gaba ɗaya ba. Ga wanda bai cika shekara 20 ba, ana rage fanshon gwargwadon abin da VA ke biya, sai dai in an tabbatar ciwon na da alaƙa da yaƙi, sannan a nemi wani biya na musamman. Babbar ribarku ita ce inshorar lafiya gare ki da yara, da katin ɗan ritaya. Ga mai aikin dare saboda kuɗin asibiti, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Saura babban aikin, wato maigida. Shi zai sa hannu a fom, ba ke ba. Ina kyautata zaton lokacin da likitocin soja suka tambaye shi barci da mafarki, "lafiya lau" ya ce, don haka aka tarbiyyantar da mazanmu, kuma kaki ya ƙara masa. Dauriyar nan ita ta bar fayil ɗinsa fayau. Kada ki tunkare shi da zancen abokinsa mai kashi 30, zai ji kamar gori. Ki ce masa neman haƙƙi ba jayayya da ƙaddara ba ne, kuma haƙƙin ba nasa ba ne shi kaɗai, da na Ummi a ciki. In da wani dattijo ko tsohon soja da yake jin nauyinsa, ki sa shi a maganar. In kuma wata rana kika ji yana zancen ya gaji da rayuwa, kada ki jira safiya, ki kira 988 ki danna 1, layin tsofaffin sojoji ne, dare da rana.

Salam Anti. Ɗan ƙanena sojan ruwa ne a Amurka. Ciwon damuwa ya kama shi, ya riƙa makara da fashin aiki, aka sallame shi da matsakaiciyar daraja, ba cikakkiya ba. Yanzu an hana shi tallafin karatu. An ce mana bayan wata shida takardar da kanta take komawa cikakkiya. Gaskiya ne?

Baffansa, Kano

Wa alaikumus salam Baffa. Wannan tsohuwar jita-jita ce ta bariki, babu takardar da ke gyara kanta, ko bayan shekara goma. Gaskiya ne tallafin karatu na GI Bill cikakkiyar daraja yake buƙata. Shi ɗanku ƙofar farko ce tasa: fom DD 293 zuwa hukumar sake duba sallama ta sojan ruwa, cikin shekara 15 daga ranar fitarsa. Tun 2014, sannan aka faɗaɗa a 2017, ma'aikatar tsaron Amurka ta umarci waɗannan hukumomi su duba da sassauci idan ciwon ƙwaƙwalwa ne ya jawo laifin. Zai nuna yana da ciwon, ya same shi yana cikin aiki, kuma shi ne sanadin makarar da fashin. Ya nemi takardar likita, ya haɗa da shaidar abin da ya yi da rayuwarsa tun fitarsa, aiki ko karatu ko zuwa asibiti a kai a kai. Ku kuma a gida ku daina tambayarsa me ya yi aka kore shi. Ku tambaye shi ko yana shan maganinsa, kuma ko ya aika fom ɗin.