Rashin Barcin Mai Ciwon Jijiya Da Yadda Sunna Ta Tsara Dare

 Darasin wannan mako ya shafi wata wahala ce wadda mai lafiya ba ya kula da ita sai ranar da ta sauka a gidansa, watau rashin barcin mutumin da doguwar jinya ta kwantar.

Larabawa sun bambanta kalmomi biyu a nan. Wanda ya hana idonsa barci da ganin damarsa, don karatu ko gadi ko hira, sukan ce ya yi sahar. Wanda kuwa ya kwanta yana neman barci, barcin ya ƙi zuwa, abin da ya same shi sunansa araƙ, kuma shi ne abin magana a yau. A aya ta 9 ta Suratun Naba'i an siffanta barci da kalmar subat, wadda malaman lugga suka ce asalinta yankewa ne, watau yanke wahalar yini daga jiki. Wanda ya rasa wannan yankewar, gajiyar jiya sai ta tarar da ta yau, ciwo ya ƙaru, zuciya ta ƙuntata, mai jinyarsa ma ya rasa runtsawa.

Daga cikin cututtukan da ke jawo haka akwai wadda likitoci ke kira maltiful siklerosis, ko MS a taƙaice. Jijiyoyin da ke cikin ƙwaƙwalwa da laka suna lulluɓe da wata rigar kitse, kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. A wannan cuta garkuwar jiki ce ke juyowa ta riƙa cinye wannan riga, sai saƙo ya kasa tafiya daidai tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Wani likita Bafaranshe, Jean-Martin Charcot, shi ya fayyace ta a birnin Faris a 1868, kuma ƙididdigar 2020 ta nuna kimanin mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya. Ta fi kama mata, galibi tsakanin shekara 20 da 40. Ta fi yawa a ƙasashen sanyi, a Afirka ta Yamma kuwa ba a cika samunta ba, ko da yake ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa da na'urar hoto ta MRI yakan sa wasu su rayu da ita ba a taɓa faɗa musu sunanta ba.

Halinta shi ne ta zo ta tafi. Matashiya a Zurmi ko Shinkafi, ƙafarta ta yi nauyi, ido ɗaya ya dushe, bayan makonni ta warware, bayan watanni abin ya dawo: kafin a kai ta asibitin Ƙaura Namoda an riga an yanke hukunci cewa iska ce ko jifa, har an fara zargin kishiya ko maƙwabciya. Wannan zato zunubi ne, kuma yana jinkirta tafiya Gusau, inda za a tura ta asibitin koyarwa na Sakkwato ko na Shika ko na Kano domin a tantance. Abin da zai biyo baya kuma ya shafi masu shanyewar ɓarin jiki da waɗanda haɗarin hanya ya taɓa musu laka, waɗanda su ne suka fi yawa a wannan yanki.

Asalin da za a gina a kai shi ne neman magani umurni ne, kamar yadda ya zo a hadisin Usamatu ɗan Shariku wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Amma neman magani ba ya farawa da haɗiye ƙwaya, yana farawa ne da tambayar mene ne ke sace barcin. Ga mai wannan ciwo ɓarayin sanannu ne: ɗaurewar tsokar ƙafa cikin dare, yawan tashi fitsari, zafi, tsoro da baƙin ciki, da kuma dogon barcin rana da gajiya ke jawowa.

Zafi ya cancanci a daɗe a kansa. Tun a 1890 wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya lura cewa ganin wasu masu wannan cuta yakan dushe idan sun motsa jiki, daga baya kuma aka gano cewa idan jikinsu ya ɗauki zafi alamunta sukan tsananta, su lafa idan ya huce. Kowa kuwa ya san bazarar arewacin Zamfara, inda zafi ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, rufin kwano kuma ya riƙe shi har tsakar dare. A da shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya wadatar, amma a ƙauyuka da yawa fargabar 'yan bindiga ta mayar da mutane cikin ɗaki, ƙofa a kulle. Saboda haka a ba majinyaci ɗakin ƙasa in akwai, domin ya fi na kwano sanyi, a yayyafa ruwa a daɓe, ya yi wanka da ruwan randa kafin kwanciya, a rataya jiƙaƙƙen zane a bakin taga. Sirace da gashi da ruwan zafi, waɗanda ake yi wa mai ciwon gaɓoɓi da kyakkyawar niyya, ga mai wannan cuta ƙara masa nauyi suke yi. Da hunturu kuma kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa marar wari yana kisa.

Sauran tsarin dare Sunna ta riga ta shimfiɗa shi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Barzata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ƙin barci kafin Isha'i da hira bayanta. A hadisin Jabir kuma an yi umurni da kashe fitila da rufe ƙofa lokacin kwanciya. Likitocin yau abin da suke fara gaya wa marar barci ke nan: ya tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, ɗaki ya yi duhu, ya sami hasken rana da hantsi, ko da a kujera aka fitar da shi ƙofar ɗaki. Wayar hannu ta shiga cikin hirar dare, bal ma ta fi ta sharri, domin hotunan hare-hare da ake turawa ba abin da za a nuna wa majinyaci ba ne bayan Magariba. Masu zuwa dubiya su ma su kiyaye harshe. Labarin wanda aka sace jiya ba gaisuwar marar lafiya ba ce.

Ƙailula al'adar sahabbai ce, amma gajeruwa, minti 20 zuwa 30 a tsakiyar yini. Hadisin da ake yawan kawowa cewa barcin bayan La'asar yana taɓa hankali bai inganta ba, sai dai barcin yamma yana cinye na dare, wannan kuwa ya isa dalilin barinsa. Goro da kofi da shayi, musamman mai kauri irin na Buzaye, duk suna da sinadarin da ke korar barci, wanda rabinsa yakan saura a jini bayan kimanin awa 5. A tsayar da su daga Azahar. Ruwa a sha isasshe da rana, a rage shi awa 2 ko 3 kafin kwanciya, a yi fitsari kafin a hau gado. Jibin dare ya kasance marar nauyi. Nana A'ishatu takan yi umurni da a dama wa marar lafiya talbina, watau kunun sha'ir, kuma ɗan kofin kunun gero da madara da Magariba ya fi malmalar tuwo da ƙarfe goma. Ƙafafu kuma a miƙe su a lanƙwasa a hankali na 'yan mintoci kafin kwanciya, a sa matashi tsakanin gwiwoyi.

Sa'an nan a zo ga zikiri, wanda shi ke kwantar da zuciyar da tunani ya hana ta sakat. Abin da ya tabbata ya isa: alwala da kwanciya ta gefen dama a hadisin Bara'u ɗan Azib, Ayatul Kursiyyu, ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara, da karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a tafin hannu a shafe jiki sau uku. Akwai kuma tasbihi 33, tahmidi 33 da kabbara 34, waɗanda aka koya wa Nana Faɗimatu da Sayyidina Aliyu lokacin da ta nemi mai taya ta aiki saboda wahalar niƙa. Tirmizi ya kawo labarin Halidu ɗan Walidu yana kukan araƙ, amma shi da kansa ya ce isnadinsa ba mai ƙarfi ba ne. Wanda gefen damansa ne mai ciwo ya kwanta yadda ya sawwaƙa, wanda kuwa ba ya iya juyawa a riƙa juya shi duk bayan kimanin awa 2 domin gudun gyambon kwanciya.

Wasu majinyata damuwar ibada ce ke hana su barci, alhali Shari'a ta sauƙaƙa musu. An ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Mai yoyon fitsari, Ibnu Abi Zaid ya bayyana a Risala cewa sabunta alwala ga kowace salla mustahabbi ne a gare shi. Wanda gyangyaɗi ya kama cikin nafilar dare an umurce shi ya kwanta har barcin ya sake shi. Don haka marar lafiyar da barci ya ɗauke shi da ƙarfe uku kada a tashe shi don tahajjudi.

Abin tsoro shi ne gajeriyar hanya. Ƙwayar barci daga kemis ba da takardar likita ba tana sa sabo da jiri da faɗuwa, ga wanda dama ƙafarsa ba ta da ƙarfi. Taramol da kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, sun halaka matasa da yawa, zaƙami kuwa guba ne ko wa ya jiƙa shi. Wasu magungunan asibiti, irin su prednisolone, su kansu suna hana barci, sai a tambayi likita ko za a mayar da shansu da safe. Idan fitsari yana zafi, ko ƙafafu ba sa natsuwa da dare, wanda ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini kan jawo, ko numfashi yana tsayawa cikin minshari, ko majinyaci ya fara cewa mutuwa ta fi masa, to wannan ya wuce dabarar gida, a kai shi asibiti ba tare da jiran ranar kasuwa ba. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.