Ɗan Dabo Mai Tona Asirin Masu Da'awar Baiwa

Idan ɗan dabo ya buɗe fage a kasuwar Makarfi ko ta Ikara, 'yan kallo kan kasu biyu: wasu su ce rufa-ido ne, wasu su ce aikin iskoki ne. Shi kuwa ba ya raba gardama, domin ruɗanin shi ne jarinsa. James Randi, wanda aka haifa a Toronto ta Kanada a 1928, ɗan dabo ne da ya saɓa wa wannan ɗabi'a.

Ya yi suna wajen kuɓuta daga sarƙa da kulallen akwati, amma bai taɓa ɓoye cewa dabara ce da zafin nama ba. Daga baya ya juya kan masu yin irin wannan dabara suna kiranta baiwa. A 1986 ya tona asirin Peter Popoff, wani mai wa'azi a Amurka da ke da'awar wahayi ke sanar da shi cututtukan mutane, marasa lafiya suna ta zuba masa kuɗi. Ashe matarsa ce ke karanto masa ta wata 'yar rediyo da ke kunnensa.

Gidauniyar Randi ta sa ladan dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya tabbatar da irin wannan baiwa a gaban masu gwaji. Har aka janye tayin a 2015 ba wanda ya ci. Randi ya mutu a 2020.