Ciwon daji: lokacin da ƙwayoyin jiki suka daina jin magana

Manoman Ƙonni da Malbaza da Illela sun san ƙuduji. Irinsa yakan kwanta cikin ƙasa shekara da shekaru bai tsiro ba. Ranar da saiwar hatsi ta fitar da wani ruwa kusa da shi, sai ya ji, ya tsiro, ya kama saiwar. Ashe har ɗan iri yana da abin jin saƙo. Jikin ɗan Adam ma haka yake.

Kunnuwan ƙwayoyin jiki

An gina jikinmu da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. A fatar kowace ƙwaya akwai wuraren karɓar saƙo. Mu kira su kunnuwa. In mutum ya yanke, saƙo ya zo musu cewa: “Ku hayayyafa.” In ciwo ya warke, sai su tsaya.

Wani lokaci kunnen yakan lalace, ko kunnuwan su yi yawa. Sai ƙwayar ta riƙa jin “ku hayayyafa” dare da rana. Ta haifi biyu, biyu su haifi huɗu, har su zama ƙari. Wannan shi ne mafarin ciwon daji, wato sankara. Ba sammu ba ne, ba maita ba ce. Misali, wajen kashi ɗaya cikin biyar na sankarar nono, wani kunne mai suna HER2 ne ya yi yawa. Tun 1998 akwai maganin da ke toshe shi.

Ina dakarun jiki suke?

Cikin jini akwai fararen ƙwayoyi, su ne dakarun jiki. Suna yawo suna kashe ƙwayar da ta lalace. Amma su ma suna da kunne na jin “dakata”, don kada su faɗa wa tsoka mai lafiya. Nan dabarar sankara take. Takan yi magana a wannan kunne, sai dakaru su wuce ta, kamar ɓarawon da ya san sunan karen gida.

Masana biyu, James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan, sun gano hanyar toshe irin wannan kunne don dakaru su koma bakin aiki. An ba su kyautar Nobel a 2018. Sai dai magungunan suna da tsada ƙwarai, kuma ba kowa suke warkarwa ba.

Abin da ke hannunmu

Ƙaramin ƙari ya fi sauƙin cirewa tun bai yaɗu ba. Saboda haka:

1. Mace ta riƙa shafa nononta kowane wata. In ta ji ƙullutu, ko da ba ya ciwo, ta je cibiyar kiwon lafiya. Maigida ya ba ta izini da kuɗin mota.
2. Kada a tsaga ƙari a gida, kada a ƙona shi.
3. A kai yara rigakafi. Tun 2008 allurar jarirai a Nijar ta haɗa da ta ciwon hanta, wanda ke jawo sankarar hanta.
4. A shanya gyaɗa da masara su bushe sarai. Wadda ta yi funfuna a zubar, gubarta tana lalata hanta.

Ana yin tiyata a asibitin Galmi da babban asibitin Tawa. A Yamai kuma, tun 2021, cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa tana da na'urar ƙona ƙari da haske.

Manomi na ƙwarai yana tuge ƙuduji tun bai yi fure ba. Mu yi wa jikinmu haka.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin kunnuwan ƙwayoyin jiki?
2. Yaya sankara take yaudarar dakarun jiki?
3. Me mace za ta yi in ta ji ƙullutu a nononta?