Kafin ka sayi na'urar ajiya ta gida

Ɗana, na ji kana son kafa kwamfuta guda a gida wadda za ta riƙe hotunan iyali da bidiyon bukukuwa da karatun malamai da finafinai, kowa ya jawo abin da yake so ta waya ko ta talabijin, kuma na yi murna, domin waya takan lalace ko a sace ta, abin da ke cikinta ya tafi ke nan. Sai dai na san halin ƙuruciya, ido yakan fara sauka kan abu mai ƙarfi da tsada, saboda haka ka ba ni aron kunnenka.

Wannan na'ura dare da rana a kunne take, don haka ka fara tambayar wutar da take ci. Tsohuwar kwamfutar wasanni mai cin wat 100 za ta sha maka yunit 72 a wata, alhali ƙaramar na'ura mai ɗauke da Intel N100, wanda ya fito a 2023, wajen wat 10 ya ishe ta idan ba aiki mai nauyi take yi ba, batirin solarka ma ba zai ji ta ba. Kuma tana da Quick Sync, wanda ke taimaka wa manhajojin kallo irin su Jellyfin ko Plex su rage nauyin bidiyo daidai da wayar mai kallo. Raspberry Pi yana da kyau ga ajiya zalla, amma wannan aikin yakan gajiyar da shi. Idan aljihu ya yi nauyi, akwai akwatunan Synology da QNAP. Idan bai yi ba, Dell OptiPlex na gwanjo ma ya wadatar.

Inda nake roƙonka kada ka yi rowa shi ne faifan ajiya, domin duk sauran kayan ana iya sake sayensu, amma muryar kakarka da aka ɗauka kafin ta rasu babu kasuwar da ake sayar da ita. Kada ka ɗauki faifai na gwanjo komai arharsa, saboda ba ka san shekarun da ya yi yana juyawa ba. Ka nemi wanda aka ƙera don aikin dare da rana, kamar IronWolf na Seagate ko WD Red Plus, kuma ka duba a takardarsa cewa CMR ne ba SMR ba. A 2020 masu saye sun gano cewa waɗansu faya-fayan WD Red SMR ne ba tare da an bayyana ba, irin wanda yakan yi sanyin jiki idan rubutu ya yi yawa, musamman lokacin da ake cike sabon faifai bayan wani ya mutu. Ka sayi biyu, kowanne ya zama madubin ɗan'uwansa.

Sannan ka tuna da ƙasar da muke. Ana ɗauke wuta ba sallama, faifan da ke tsakiyar rubutu kuwa ba ya son haka, saboda haka ka haɗa akwatin na'urar da UPS ko inbata tun ranar farko. Ka ajiye shi inda iska ke shiga, domin zafin bazara da ƙurar hunturu suna rage masa kwana, ka kuma haɗa shi da kebul maimakon Wi-Fi.

Abu na ƙarshe, ɗana, faifai biyu a akwati ɗaya ba su tsare ka daga gobara ko ɓarawo ko tsawa ba, kuma abin da yaro ya goge bisa kuskure daga duka biyun yake gogewa. Saboda haka ka tanadi na uku, ka riƙa kwafe hotuna da takardu masu muhimmanci a kansa duk wata, ka kai shi gidan gwaggonka ta adana maka, ka kuma riƙa buɗe shi lokaci-lokaci don ka tabbatar abin da ka kwafa yana nan.